Baƙin Man da Na Zuba

Wata Talata ce da hantsi, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, an cika a-kori-kurar mahaifina da kwandunan tumatir, za mu kasuwar Mafara daga Bakura. Baba ya zaro sandar awon mai daga inji, ya goge da tsumma, ya mayar ya sake dubawa, ya ce da ni, "Maza ƙara mata baƙin mai, yana nan zaure." Ya wuce wurin masu lodi. Galan biyu na tarar a zauren. Ɗaya man cikinsa garai-garai kamar zuma, ɗayan baƙi ƙirin, tsohon da muke shafa wa azara saboda gara. Ni da ake yabo da kaifin kai, ko tambaya ban yi ba. An ce baƙi, na ɗauko baƙi, na tuttula. Ina zan san sabon ma sunansa ke nan?

Baba yakan ce man nan shi ne jinin mota, amma sai da na girma na gane nufinsa. Famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, ya bi ta matata, ya ratsa wasu siraran hanyoyi, ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, sannan ya gangaro ya sake zagayawa. Wanda na zuba kuwa ya shekara a buɗe, ya sha yashi da ruwan damina.

Ba mu yi rabin hanya ba jar fitilar mai ta kama. Baba ya ce mu lallaba, ai yanzu aka ƙara mai. Can sai inji ya fara ƙwanƙwasa, ya mutu murus. Tumatir ya dahu a rana muna kallo. Makaniken da aka ɗauko ya murza man a yatsunsa, ya ce, "Malam, wa ya zuba wanga abu?" Baba ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai, ya ce, "Ni ne."

Motar ba ta sake tashi ba. Kaji suka mayar da ita akurki a ƙofar gida, Baba ya koma tuƙa motar wani. Yau ina da tawa, fitila na kamawa nake tsayawa, kuma ba na bari kowa ya zuba mata mai. Har Baba ya rasu bai tayar da maganar ba, ni kuma kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Abin yana cina har yanzu.