Zanen da Ya Fito Cikin Ruwan Bature

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Yanzu ko jikokina sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in faɗa kan wanda nake nufi. Amma akwai yini guda da ba zai zube ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa, shi ne yinin da aka kwance gafakar gidan mijina a ƙofar ɗakina, ni kuwa ina ciki a kan gwiwa ina naƙuda. Ban yi karatu ba, na allo ma iyakata abin salla. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, ku masu alƙalami ku rubuta.

A lokacin Turawa ke mulki. An kai ni aure wani ɗan ƙauye kusa da Bauranya, a ƙasar Kusada, gidan manoman gero da dawa. Ba su da wata dukiya, sai abu guda da ya sa aka san gidan har Kankia. Littafin salatin Annabi ne rubutun hannu, wanda kakan surukina ya rubuta ya kuma zayyana tun ba a ji labarin Bature a ƙasar nan ba. Ba ɗinkakke ba ne irin naku na yanzu. Falle-falle yake, tsakanin bango biyu na jar fata, an naɗe shi da igiyar fata mai wuri a bakinta, sannan an zura shi cikin gafaka.

Ba mai kwance shi a gidan sai surukina, shi ma sai watan Mauludi. Yakan yi alwala, ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya ware fallayen tsakiya ya ɗaga mana, mu mata muna tsugune daga nesa. Shekarar da na fara ganinsa har numfashi na manta. An zana masallacin Madina kamar tsuntsu ne ya leƙo shi daga sama. Ga fitila tana reto a jikin sarƙa, ga dabino guda a gefe, ga makwantai uku a jere, na Annabi da sahabbansa biyu. An kewaye shi da wata saƙa ta ja da rawaya, wadda in ka bi ta da ido ba ka samun inda ta fara balle inda ta ƙare. Jan irin na karan dafi ne, rawayar kamar gwaiduwar ƙwan zabo. In tsohon ya ɗaga fallen ya saitu da rana, sai ka ga jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, ba da tawada aka yi su ba. Lokacin idonsa ya riga ya fara mutuwa. Kafin shekarar da nake ba ku labari ya rufe gaba ɗaya, da hannu yake lalubo fallayen.

To, akwai al'adar garin. Duk macen da naƙuda ta kama, sai a aiko gidanmu a ari gafakar, a rataye ta a ƙofar ɗakin mai haihuwa, ba a buɗe ta. Mun sani sarai Allah ke raba mace da ciki lafiya, ba fata da takarda ba. Amma zuciyar mai naƙuda tana son abin da za ta ɗora ido a kai.

Ni kuwa na riga na binne biyu. Na fari a gidan iyayena na haife shi, inda na je goyon ciki, gafaka ba ta je can ba. Ta biyu ta zo ranar da aka ari gafakar zuwa wani gida a ƙauyen Boko. Duk ba su yi kuka ba. Da na sami ciki na uku, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ce a gaban kowa, "Bana gafakar nan ba ta leƙa ko zaure sai yarinyar nan ta sauka."

Ana nan ana nan, kaka ta yi, ana yankan gero, ni kuwa na yi nauyi ko tsintsiya ba na iya ɗauka daga ƙasa. Sai ga manzon hakimi a kan doki. Wai wani Bature mai rangadi ya sauka a barikin Kankia, ya ji labarin littafin, yana so a kai masa ya gani. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba. A zamanin nan in aka ce Bature yana so, magana ta ƙare. Kuma abin da muka sani shi ne, abin da ya shiga bariki ba kasafai yake fitowa ba.

Inna ta zauna bakin murhu tana ta faɗa da itace. Surukina ya kira mijina ya rataya masa gafakar da hannunsa. Ina jin su daga bayan danga. Ya ce, "Na yarje maka ka kwance a gabansa, iyakarta ke nan. Kada maratayin nan ya bar kafaɗarka. Kuma ka ce masa shi wanke hannu."

Mijina ya tafi, ya kwana can, ya dawo da gafaka a kafaɗa. Gida ya ɗauki hamdala. Tsohon ya shafa igiyar ya ji ƙullin, ya ce, "Ya wanke hannun?"

"Ya wanke, Baba, har da sabulu."

"To, madalla."

Aka mayar da gafaka mazauninta. Amma ni na san mijina. Tuwon da na kai masa ya dawo kamar yadda na kai shi. Da hantsi ina kishingiɗe a inuwar rumbu, su ba su san ina nan ba, na ji Inna ta tsare shi.

"Kai, mi ya same ka? Tun da ka dawo kake yawo kamar kazar da ruwa ya daka."

Ya yi ƙasa da murya ya ba ta labari. Baturen bai yi masa wulaƙanci ba, har Hausa yake ji, ya yi ta tambayar wanda ya yi zanen, yana girgiza kai don sha'awa. Sai ya sa aka jingina fallayen a rana, ya kafa wani akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya leƙa, ya ce shi ke nan. Mijina ya tattara ya ɗaure da hannunsa, zane yana nan lafiya. Washegari Baturen ya kira shi wai ya zo ya ga abin mamaki. Ya shigar da shi wani ɗaki, ya toshe taga, ya kunna 'yar fitila ja, ya tsoma farar takarda cikin faranti mai ruwa.

"Inna, fara ce sol, da idona na gani. Yana kaɗa ruwan, sai ga dabinon yana fitowa. Sai fitilar. Sai saƙar nan duka, sannu a hankali. Gafaka tana kafaɗata a ɗaure. Daga ina zanen ke fitowa in ba daga cikinta ba? Wallahi tun daga nan na ji ta yi mini sakayau."

Inna ta ce, "Ka duba?"

"Izinin da aka ba ni na gabansa ne. In kuma na buɗe na tarar da farar takarda, da wane baki zan gaya wa Baba?"

Kada ku yi mana dariya tukuna. Ku tuna abin da muka tashi muka gani. Malam ya rubuta allo, a wanke a ƙwarya, rubutu ya koma cikin ruwa, allo ya koma fari. Ba mu taɓa ganin rubutu ya shiga ruwa ya kuma zauna a mazauninsa ba. Don haka ni a inuwar rumbun nan ban yi wata shakka ba. Na ce an wanke littafin, abin da za a rataya mini fata ce da farar takarda.

Ban gaya wa kowa na ji ba. Na riƙa kallon cikina ina cewa a zuci, kai ma haka za ka zo ka wuce. Inna ta daina faɗa, wanda ya fi faɗanta tayar da hankali.

Naƙuda ta tashi wata safiya maza sun tafi ɗaurin gero. Aka kira ungozoma, wata tsohuwa mai barkwanci, aka rataya gafaka a ƙofa. Rana ta ɗaga, ta take tsaka, abu ya ƙi gaba. Ungozoma ta ce, "Ke ɗiyar nan, ba da ciwon kike kokawa ba, riƙe shi kike yi. Ɗan ya ƙwanƙwasa ƙofa kin sa sakata. Ɗaga ido ki dubi gafaka mana."

Na ce, "Babu komai a cikinta."

Inna ta dube ni, ta gane na ji. Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita. Daga baya ta gaya mini ko sallama ba ta yi ba ta faɗa turakar tsohon, ta zazzage masa komai.

Can sai na ji ƙarar sandarsa tana matsowa. Na ji an zuba ruwan alwala, an shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakina daga waje. Ku sani, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa magana da surukina ba. In na hango shi sai in kauce, in ba hanya in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Haka kunya take a lokacinmu.

Aka sauko masa da gafaka. Yana kwancewa yana magana da Inna, muryarsa kwance kamar ba komai. "Ku dai mata da ɗanku. In da kallo na cinye zane, ai da ni na cinye wanga tuntuni. Tun ina yaro nake kallonsa har idona ya ƙare."

Inna ta ɗage asabari kaɗan. Daga inda nake durƙushe ina hango hannuwansa kawai, sai na ga igiyar tana rawa a cikinsu, wurin da ke bakinta yana bugun bangon littafin yana ƙas-ƙas. A nan na gane shi ma bai sani ba. Makaho ne, akwatin Bature kuwa bai taɓa jin irinsa ba. Ya lalubo fallayen tsakiya, ya ɗaga su saitin ƙofa, fuskarsu tana kallon cikin ɗaki, inda ba mai ganinsu sai ni.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ba ni da ido. Mi kika gani?"

Gumi ya cika mini ido, na share da bayan hannu. Rana tana bayan takardar. Na ce, "Baba, ga dabinon nan."

"Sai mi?"

"Ga fitila da sarƙarta. Ga makwantai uku."

"Jan fa?"

"Yana nan, Baba. Da rawayar. Har watannin nan na cikin takarda ina ganinsu."

Ya sauke hannu a hankali, ya ɗora fallayen a cinyarsa, ya saki wani dogon numfashi. Ya yi ta maimaita Alhamdu lillahi. Ni kuwa sai na ji kamar an kwance mini wani ɗauri daga ƙirji har ƙugu. Ungozoma ta ce, "To Malam, a tattara a ba mu wuri, baƙon ya gaji da tsayuwa."

Bai gama ɗaure igiyar ba aka ji kuka. Mace ce, ta cika gida da tsiwa tun daga ranar. Ita ce ta haifi iyayen wasunku. Mijina ya dawo daga gona da damin gero a ka, aka tare shi da albishir biyu, ya rasa wanda zai fara yi wa godiya. Inna ta ce masa, "Sakayau ko? Ɗauki gafakar ka ji in ta ƙara nauyi." Har ya tsufa in ya ce wani abu ya yi masa nauyi sai an tuna masa.

Ashe Baturen ya ba mijina takardar da zanen ya fito a jikinta kyauta, ya soke ta cikin jinkar zaure don tsoro. Ranar suna ya fiddo ta, aka yi ta miƙa wa juna. Zanen ne, ba ko shakka, komai da komai, sai dai babu ja babu rawaya, kamar inuwar mutum a bango. Tsohon ya shafa ta ya ce santsi gare ta kamar bayan ƙwarya, ba a jin tudun tawada. Na adana ta a cikin adudu shekara da shekaru, tana dusashewa, har ta koma launin ƙasa, dabinon kaɗai ake ganewa. Littafin kuwa yana nan hannun zuriyar gidan. Mauludin da ya wuce an kawo mini shi, jan nan kamar jiya aka sa.

Tun daga ranar surukina ya riƙa kirana duk watan Mauludi in zauna kusa da buzunsa, ya ɗaga falle in faɗa masa abin da ke ciki, har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu nawa idon ya fara tafiya, ku kuma kuna ɗaukar hoton littafin da wayoyinku, ba na hana ku.

Abin da yinin nan ya koya mini ke nan. Mu uku muka yi ta ɗaukar tsoro a gida guda, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don tausayi, har tsoron ya kusa cin rai biyu, alhali ƙulli ɗaya ne tsakaninmu da gaskiya. In wani abu ya ɗaure muku zuciya, ku yi alwala ku kwance shi da rana tsaka ku duba. In kuma idonku ba ya gani, kada girma ya hana ku tambayar na ƙasa da ku abin da ya gani.