Lambar Keke Mai Taya Huɗu

Jiya jikata tana neman allura a tsohon gwangwanin da nake tara tarkace, sai ta ciro wani ɗan faifan ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, tsatsa ta cinye rabin rubutunsa, ga guntun ƙusa maƙale a hujinsa ɗaya. Ta tambaye ni ko ta yar. Na ce ta ajiye mini abina. Ku 'yan yanzu ba za ku gane shi ba, lambar keke ce. A zamaninmu duk mai keke sai ya je ofishin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ya yanki lasin, a ba shi irin wannan lamba ya ɗaura. In babu ita, ɗan doka na iya tare shi a hanya ya karɓe keken.

Ina da shekara uku shan inna ya kama ni, ya tafi da ƙafafuna duka biyu. Ban faɗa don ku tausaya mini ba, na ƙoshi da wannan tun ina yarinya. Na faɗa ne don ku san dalilin da ya sa aji ɗaya da aji biyu a bayan Inna na yi su. Gidanmu yana Jimeta, can gangaren kogi, inda da damina muke jin kukan jiragen ruwa da warin buhunan gyaɗa da ake lodi. Makaranta kuwa tana tudu, tafiya ce mai nisa cikin rairayi. Inna ta goya ni da safe, ta dawo ta ɗauke ni da azahar, ƙafafuna na reto har gwiwarta. A shekarar da aka ce mun koma Jihar Arewa maso Gabas, Inna ta samu ciki, ni kuma na yi nauyi. Babanmu ya ce tunda na iya rubuta sunana, in zauna a gida haka nan. Ba mugunta ba ce, bai ga wata hanya ba ne.

Ƙanensa ne ya ga hanya. Baffa muke ce masa, mai gyaran keke ne a wata rumfa kusa da kasuwa. Ya tashi a Yola Gari wurin kakarsu, saboda haka Fulatanci ya fi zama a bakinsa. Bai taɓa ce mini "ke" ba, kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji, keke kuma wani lokaci basukur yake ce masa irin na tsofaffi. Mutum ne mara yawan magana, amma in aka taɓa sana'arsa sai ka rasa inda za ka sa kanka.

Hutun damina gaba ɗaya ya yi yana haɗa abin. Ya samo gawar kekuna biyu, ya kai wa mai walda, ya tsaya a kansa har aka yi yadda yake so. Manyan tayu biyu a baya, ɗaya a gaba, kujerar katako a tsakiya. Fedar ya ɗago ta sama daidai ƙirjina don in juya da hannu, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. Ranar gwaji na hau tudun ƙofar gidanmu, abin ya ɗaga kai ya kifar da ni ta baya. Baffa bai ce sannu ba. Ya tafi ya dawo da wata 'yar ƙaramar taya ya ƙara a can baya, ta zama ta huɗu. Har yau in na ji warin baƙin mai da roba a rana, rumfar nan nake gani.

Unguwa ta rasa sunan da za ta ba shi. Wasu suka ce motar gurguwa, wasu gadon tafiya. Baffa yana da nasa rabe-raben, kuma ba ya canzawa.

"Ni ba taya nake ƙirgawa ba," in ji shi. "Abin da ke shan mai, mota ne. Abin da ake turawa, amalanke ne. Abin da mai shi ke kai kansa da ƙarfinsa, keke ne, ko tayansa goma."

Da wannan ya tafi ofishin lasin. Akawun ya leƙo ta taga, ya ƙirga tayu, ya ce keke taya biyu gare shi, wannan amalanke ce, amalanke kuma ba ta buƙatar lamba, ya ɗauki abinsa ya tafi. Kun ga, an ba shi sauƙi har hannu. Da wani ne, da sai ya yi godiya. Baffa ya ce shi bai yi wata biyu yana ƙona yatsu don a kira aikinsa amalanke ba. Kwana uku yana komawa. A rana ta uku ya ɗauko ni, na zagaya harabar ofishin sau biyu da hannuna, masinja da masu jiran layi suna kallo. Akawun ya gaji ya miƙo lamba. Baffa ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɗaura ta a gaba da noti biyu, inda kowa zai gani.

Ranar da aka koma makaranta ya raka ni da kansa, sanye da rigar Juma'a. Hedimastanmu mutumin wajen Numan ne, Kirista, dogo, kullum cikin gajeren wando da doguwar safa, da sanda a hammata wadda ban taɓa ganin ya daki kowa da ita ba. Ya tsayar da mu a ƙofa, ya zagaya abin, ya duƙa ya karanta lambar.

"Malam, wannan mene ne?"

"Keke ne," in ji Baffa, har da ɗaga haɓa. "Ga lambarsa. Hukuma ta sa hannu."

Hedimasta ya miƙe tsaye. Sannan ya bayyana mana cewa tun da wani yaro ya buge 'yar aji ɗaya da keke a filin makaranta, iyaye suka kafa doka: ɗalibi ba ya shigowa da keke. Bara ma ya kori keken ɗan wani attajiri, uban ya zo ya yi ta faɗa. In ya bar mai lamba ya shiga yau, gobe attajirin zai dawo, kuma ba shi da bakin ba shi amsa. Barin keken a waje kuwa ba zai yiwu ba, don daga ƙofa zuwa ajinmu sai an ratsa filin ƙwallo, ni kuma na rantse ba zan ja gindi a gaban 'yan ajinmu ba. Muka juya gida.

Kwana huɗu na yi a tsakar gida ina jin ƙararrawar makaranta daga nesa. Na yi kuka, na kuma ji haushin Baffa ƙwarai. Babanmu ya ce ai dama ya faɗa. Inna, wadda ba ta cika ɗaga murya gaban ƙanen mijinta ba, ta ajiye masa kwanon tuwo ta ce, "Da ka karɓi abin da akawu ya ce, da yarinyar nan tana aji." Bai ci tuwon ba.

A rana ta biyar ina zaune a rumfarsa, sai ga Hedimasta ya turo nasa keken wai tayar baya tana sacewa. Baffa ya cire tif, ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa, ya juya ta ko'ina. Ko kumfa ɗaya bai fito ba. Hedimasta yana kallon titi ya ce, "Na sake karanta dokar nan jiya. Keke ta ambata. Ba ta ce komai a kan amalanke ba." Baffa ya mayar da tif, ya buga iska, ya miƙa masa kekensa. Hedimasta ya hau ya tafi.

Litinin da safe muka koma. Yara sun yi layi ana duba farce. Baffa ya durƙusa a ƙofa a gaban kowa, ya zaro sifana daga aljihu, ya kwance noti biyun nan, ya sa mini lambar a jakar littattafai. Hedimasta ya matso ya yi tambayarsa kamar bai taɓa ganin abin ba.

"Malam, wannan mene ne?"

Baffa ya dubi ƙasa.

"Amalanke ne."

"To, amalanke turawa ake yi," in ji Hedimasta. Ya gyara sandarsa a hammata, ya ce in ɗauke hannuna daga feda, ya kama bayan kujerar ya tura ni har ƙofar aji uku. Na waiwaya na hango Baffa yana tafiya, rigar Juma'a duk rairayi a gwiwa. Kunya ta kama ni a madadinsa, daɗi kuma ya kama ni don kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗin ya fi yawa.

Da yamma ya ba ni sifanar ya kafa mini sharaɗi ɗaya. A cikin makaranta su kira shi abin da suka ga dama, amma bai yarda ya wuce gaban rumfarsa ba lamba ba. Haka na yi shekara biyar. Da safe in kwance lambar a ƙofa a tura ni ciki, da azahar in ɗaura in tuƙa kaina gida, da zafin bazara da ruwan damina. Na iya sifana kafin in iya dogon rabawa.

Ranar da muka gama aji bakwai, ina fitowa na tarar da Baffa a ƙofa da guduma da ƙusoshi irin waɗanda ake daddaƙe kansu, ba sa kwantuwa. Ya karɓi lambar ya buga ta a wurinta. Ƙarar ta fito da Hedimasta daga ofis. Baffa ya miƙe, ya nuna abin da gudumar.

"Malam Hedimasta, wannan mene ne?"

"Keke ne, Malam," in ji shi. "Tun ranar farko keke ne."

Baffa ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ce mini, "Kai, mu je gida."

Duk sun rasu yanzu. Keken ya ruɓe a bayan ɗaki, lambar kaɗai na ɓamɓaro. Yau Jimeta cike take da masu taya uku masu shan mai, ba feda ba sarƙa, kowa kuma keke yake ce musu. Kwanan baya jikata ta nuna mini a waya wani mai taya huɗu na ɗaukar kaya, yana da feda yana da batir, wai can ƙasashen waje ana ta gardamar rukunin da za a sa shi. Na yi dariya, na ce da Baffa na nan da tambaya ɗaya zai yi: in batir ya mutu, mai shi zai iya kai kansa gida?

Ni kam na koyar shekara talatin da wani abu, na yi ritaya a nan unguwar Damilu, kafaɗuna sun gama aikinsu. Yanzu a kujerar asibiti nake, wadda kowa ke kira keken guragu. Da jikata ta ji labarin nan jiya, sai ta ɗauko zare ta ce bari ta ɗaura mini lambar a jikinta, ai za ta yi kyau. Na karɓe na mayar cikin gwangwani. Na ce mata a'a, wannan turawa ake yi.