Bakin Inna a wayar Yaya Sani

Muna zaune a tsakar gida Yaya Sani ya kira ta bidiyo daga Legas, inda yake ci-rani. Na miƙa wa Inna wayar, ta fara tsokanarsa wai ya yi ƙiba, ya manta da tuwon Matamaye.

Sai na ji ya ce, "Hadiza, me ya karkatar da bakin Inna?"

Na yi dariya. "Rezo ne, Yaya, layin waya ne ba ƙarfi. Kai ma hancinka ya koma gefe."

"Bar wasa. Haka cutar ta fara wa maigidana. Ce mata ta ɗaga hannu biyu."

Na hagu ya ƙi tashi. Inna ta ce gajiya ce kawai, amma maganarta ta fara sarƙewa.

Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti, suka tura mu Damagaram. Likita ya ce hawan jini ne ya so shanye mata ɓarin jiki, zuwa da wuri ya taimaka.

Alhamdulillahi, hannu ya dawo. Tana shan magani, tana mitar an hana ta gishiri, an mayar mata da miya lami.

Ina gefenta fa, amma ban lura ba. Ku yaushe rabonku da ƙare wa fuskar iyayenku kallo?