Ranar da Aka Ce In Tsefe Kan Yara

Gashin kanti ne ya kai ni Guangzhou. Ina da shago a Jos, na gaji da sayen kaya a hannun dillalai, sai na fara zuwa da kaina. Daga baya zuwa ya koma zama, ina saye ina aika wa ƙanwata tana sayarwa. Na kama ɗaki a Sanyuanli, a wani bene da maƙwabtana kusan duk Kanawa ne da 'yan Nijar. Muna zaman lafiya, muna cin tuwo tare, amma ranar Lahadi ni kaɗai nake rasa inda zan sa kaina, don Kiristocin da ke jin Hausa a unguwar ba mu da yawa.

Wata 'yar Gana mai sayar da abinci ce ta kai ni wani coci. Ba gini ba ne, wani babban ɗaki ne a saman benen ofisoshi, babu alama a ƙofa. Fasto da matarsa Turawa ne, a takarda malaman Turanci ne, amma kowa ya san aikin mishan ya kawo su. Lahadi ana sujada, Asabar kuma ta yara ce.

Yaran nan iyayensu maza 'yan Afirka ne, iyaye mata 'yan Sin. Wasu uban biza ta ƙare masa aka kama shi aka mayar da shi gida, wasu kuma shi ya sulale da ƙafarsa. Uwayen suna tsaye a shago tun safe har yamma, ba su da wanda za su bar wa yaro. A ɗakin nan ana koya musu Turanci da waƙoƙi, a ba su shinkafa da kaza, su yi wasa. Ranar da na fara ganin haka na gode wa Allah da zuciya ɗaya. Ni kaina a makarantar mishan na yi firamare, na san abin da irin wannan aiki yake yi wa yaro.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne kawunan 'yan matan. Uwayensu ba su san yadda ake yi da irin gashinmu ba. Wata ta aske shi ƙwal, wata ta bar shi ya dunƙule har mataji ba ya shiga. Sati na biyu na zo da mataji da tsinke da man kaɗanya na zauna a kusurwa. Tun daga ranar na zama mai kitson coci. Ina yi musu shuku da kalaba, in sa musu 'yan duwatsu masu launi, su ruga banɗaki su kalli madubi su dawo suna taku ɗaiɗai.

Cikinsu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, mai yawan gashi da yawan tambaya. Ubanta Bakano ne, yana cikin waɗanda aka mayar gida, amma kusan kullum yana kiran su a waya. Uwarta tana da rumfar kayan yara a kasuwar tufafi, kuma ta koyi Hausa a bakin mijinta, irin ta Kantin Kwari. Ranar da ta fara ganin kitson ta riƙe hannuna biyu ta ce, “Yaya, sannu da aiki. Allah ya saka.” Na yi dariya har na zauna, don muryar Sin ce amma lafazin na cikin ganuwa ne. Daga nan muka saba. Ta gaya mini sai da ta nemi izinin mijin kafin ta fara kawo yarinyar. Ya ce ta je ta koyi Turanci ta yi wasa da 'yan'uwanta, amma kada a taɓa mata addini. Matar fasto ta yi mata alkawarin haka.

Da kaka ta zo, lokacin babbar kasuwar baje koli ta Pazhou, aka sanar a coci cewa wasu 'yan kasuwa daga ƙasar su fasto za su zo, kuma su ne masu tallafa wa aikin, za su leƙo yaran ranar Asabar. Na yi murna. Na sayi sabbin duwatsun kitso, na yi sammako don in gyara kowace yarinya kafin baƙi su iso.

Ina shiga na ga an kwashe kujerun yara an jibge su a ɗakin baya, an shimfiɗa kwalaye a ƙasa. Matar fasto ta tare ni a bakin ƙofa da murmushinta, ta ja ni gefe. Da Turanci muke magana.

Ta ce, “Sista, yau ba za a yi kitso ba. Wanda kika yi satin da ya wuce ma, ki taimaka ki tsefe shi.”

Na ce, “In tsefe in sake sabo?”

“A'a, a bar shi haka. Muna so baƙinmu su ga yaran yadda muka same su.”

“Ai ba yau kuka same su ba.”

Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ki fahimce ni. Mutanen nan daga nesa suka zo. Idan suka ga yara tsaf-tsaf za su ce ba a bukatar su a nan.”

Na ce mata hannuna ba zai yi wannan ba. Ba ta yi fushi ba, ta ce ba komai, ta juya ta kira yaran da kanta. Ba ta iya tsifa ba, ba ta san ana bi daga ƙarshen jela ba. Da yatsu take finciko gashin tun daga tushe, duwatsun suna zubewa a ƙasa. Na je na ce ta bari, ta ce in koma kicin in taya 'yar Gana. Da aka zo kan yarinyar nan mai yawan gashi, ta fashe da kuka saboda zafi. Fasto yana gefe da kyamara. Bai ce a dakata ba, durƙusawa ya yi ya ɗauke ta daga kusa.

Aka kawo wani buhun gwanjo, aka tuɓe wa yaran kayan da uwayensu suka sa musu da safe, aka ba su riguna masu yagaggen wuya. A kicin kuma na tarar an ce yau ba kaza, farar shinkafa ce kawai a ƙananan robobi. 'Yar Gana tana zubawa ba ta ɗago kai ba. Na tambaye ta ko an taɓa yin haka, ta ce duk lokacin baje koli.

Baƙin suka iso da katunan shiga kasuwa rataye a wuyansu. Suna ganin yaran a kan kwali wata ta fara share hawaye. Suka zauna a ƙasa, suka ɗora yara a cinya, kowa ya miƙa waya yana ɗaukar kansa hoto. Wani mai jan fuska ya cusa yatsunsa cikin gashin yarinyar yana jijjiga kai, da ya tashi ya ciro 'yar kwalbar maganin wanke hannu daga aljihu ya wanke hannunsa tas. 

Sai fasto ya fara jawabi. Ya ce marayu ne, ba su da kowa a duniya sai Yesu da mutanen da ke cikin ɗakin nan. Ya ɗaga yarinyar ya ce uwarta ta yar da ita a kasuwa, ubanta kuma mutumin wata ƙasa ce mai duhu, da ya tafi da ita da yanzu an rufe mata fuska an hana ta karatu. Yarinyar tana jin Turanci daidai gwargwado, ai su suka koya mata. Ta kalle ni, ta kalli fasto, ta sa yatsa a baki.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna ni ya ce ga wata 'yar'uwa daga arewacin Najeriya da ta tsero da ranta saboda imaninta. Duk suka juyo da idanu masu ruwa.

Na ce, “Ni gashi na zo saye. Shagona yana nan a Jos, ƙanwata tana ciki yanzu haka.”

Fasto ya yi dariya ya ce musu haka nake, ba na son a yi maganar wahalata. Suka tafa mini. Wata tsohuwa ta rungume ni tana cewa ni jaruma ce.

Da suka tafi aka fito da kaza aka raba, aka mayar wa yara kayansu. Na zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafuna na sake mata kitso, fatar kanta duk ta yi ja. Na kai ta rumfar uwarta da kaina, na gaya mata duk abin da ya faru. Ta ci gaba da ninke wandunan yara. Ta ce wataƙila ban ji Turancin da kyau ba, mutanen Allah ne. Bayan 'yan kwanaki 'yar Gana ta nuna mana bidiyon da fasto ya ɗauka a wayarta, an sa masa kiɗa mai taushi, fuskar yarinyar tana kuka ita ce farko. Na fassara wa uwar abin da aka rubuta a ƙasa, wai marainiya ce. Ta ce in raka ta ranar Lahadi.

Mun jira aka tashi daga sujada. Ta sa rigarta mafi kyau, ta riƙe 'yarta a hannu, ta tsaya gaban fasto. Ta fara da Turancinta na kasuwa, ya ƙare mata, ta koma Sinanci, can sai ta juyo gare ni ta ce da Hausa, “Yaya, gaya masa ban mutu ba. Gaya masa ban yar da ita ba. Ubanta ma yana nan, jiya ya yi mata karatu a waya.”

Na gaya masa. Ya haɗa hannuwansa ya ce shi maraicin ruhu yake nufi. Da na ce ba haka ya faɗa wa baƙin ba, sai ya sauke murya ya ce, “Sista, ke 'yar kasuwa ce. Kin san ba a sayar da kaya sai an yi talla. Kazar da yarinyar nan take ci duk Asabar, daga ina kike tsammani take fitowa?”

Wannan ban fassara wa uwar ba. Matar fasto kuwa ta fara kuka, tana cewa ta bar ƙasarta da iyayenta saboda yaran nan, ga sakayyar da ta samu. Nan take mutane suka kewaye ta suna lallashi. 'Yan'uwana baƙar fata, waɗanda muke waƙa tare, su suka ja ni gefe. Wani ya ce ba a ɗaga wa bawan Allah murya. Wata ta ce idan maganar ta kai ga 'yan sanda za a rufe wurin, in faɗa mata inda za su yi sujada. Babu wanda ya kalli yarinyar. An yi wa uwar alkawari za a cire bidiyon. Har na daina dubawa yana nan.

Ban sake taka benen ba. Lahadi ina karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakina, in yi waƙoƙin da na taso da su.

Labarin ya zaga benenmu. Wani Alhaji Bakano maƙwabcina, mai sarin yadi, ya tare ni a matakala ya ce, “Maman Jos, ai dama mun san halinsu. Duk inda suka je haka suke.”

Na ce, “Alhaji, uban yarinyar nan mutumin garinku ne, kun ci abinci a faranti ɗaya. Tun da aka tafi da shi, wa ya taɓa zuwa rumfar ya tambayi lafiyarta?”

Ya ce harkoki ne suka yi yawa, ga kwantena ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Nansha, amma in sha Allahu zai leƙa. Ban ji ya leƙa ba.

Sauran uwayen kuwa sun ci gaba da kai 'ya'yansu. Na gaya wa biyu daga cikinsu abin da na gani. Ɗaya ta ɗaga kafaɗa ta ce meyo, wato babu, ba ta da wani wurin da za ta kai ɗanta. Ban ga laifinta ba.

Yarinyar ta koma wuni a rumfar uwarta. Wurin ƙunci ne, ba taga, ga hayaniyar masu tura kaya. Tana zama a kan dila tana kallon waya, idan masu saye suka cika a ce ta fita ta tsaya a lungu. Ran Asabar nakan je da matajina in yi mata kitso a nan, tana zaune a ƙasa ina kan kujerar roba, 'yan Sin masu wucewa suna tsayawa kallo. Wata rana ina tsaga mata gashi ta ɗago kai ta ce, “Anti, yaushe za mu koma wurin waƙa?”

Uwarta tana jin ta, ta ci gaba da ɗaure kaya ba ta juyo ba. Na ce ta sunkuyar da kai kada tsagar ta karkace, ta sunkuya.