Wata Bakwai Ina Bin Na'ibina Sallah

Assalamu alaikum. Masu kira a waya da masu raɗe-raɗi a ƙofar masallaci, na gaji da ce muku "ba komai". Ga dalilin da ya sa na yi wata bakwai ban ja sallah ba a masallacinmu na unguwar Ladjifarani, nan Parakou.

Fitsari ne. E, na faɗa.

Sai in yi alwala, kafin in kai gaban sahu na ji ɗigo. In koma, in wanke, in sake wando. Wata la'asar marata ta ɗaure tun raka'a ta biyu, da ƙyar na sallame. Na san hukunci: mai yoyon fitsari sallarsa ta yi, amma ya ja masu lafiya makaruhi ne. Na miƙa wa na'ibina, Malam Sani, limancin da na gada daga mahaifina, na koma sahun baya ina cizon yatsa.

Sai na yi wa kaina dabara, na rage shan ruwa. Ba ruwa, ba fitsari, wai ni mai wayo.

Magani kuwa, a Parakou kowa likita ne. Wannan ya ce sanyi, wancan ya ce sammu. Na sha saiwa, na sha sassaƙe har harshena ya mutu. Wani Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam, prostat ne, kumburin nan mai tare wa dattawa fitsari, a fara shirin wasiyya." Wallahi na tsorata.

Asibiti fa? Cikin ma'aikatan akwai waɗanda ni na biya musu allo. In kwance wando gaban ɗalibina? Na ɗauki matata, Hajiya Rabi, muka shiga mota har Djougou, inda ba a san ni ba.

An ɗebi jini, an auna fitsari, an yi hoton ciki. Kusan jaka talatin na sefa suka tafi. Likita ya duba takardu ya ce, "Prostat ɗinka daidai da shekarunka yake. Malam, sau nawa kake zuwa bayan gida?"

Haushi ya kama ni. Na ce, "Likita, fitsari ya kawo ni."

Hajiya ta yi caraf ta ce, "Kar ka biye masa. Malam sai ya kwana biyar bai zaga ba, shekara da shekaru. Sakwara da nama kawai, ganye wai na awaki ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Likita ya ce hanji da mafitsara maƙwabta ne. In hanji ya cika ya bushe, sai ya danne mafitsara, ta dinga matsa maka, kuma ba ta juye fitsari duka. "Sannan ka hana kanka ruwa? Haba Malam, ai ƙara ɗaure cikin ka yi!"

Ya rubuta maganin sassauta ciki. Ya ce ruwa, wake, zogale, gwanda, da tafiyar ƙafa kullum. Ba allura, ba tiyata. Sati shida, ɗigo ya tsaya.

Shekaranjiya da azahar Malam Sani ya ja baya ya ce, "Bismillah, Liman." Na shiga gaba na yi kabbara.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, shi da Malam Sani, da Hajiya wadda ta tona mini asiri don ta cece ni.

'Yan'uwana maza, in fitsari ya canza muku, ku je a duba prostat, kar ku yi wasa. Ku sha ruwa, ku ci ganye. Kuma ku faɗi maganar bayan gida da bakinku. Wata bakwai na bar wurin mahaifina saboda abin da tambayar likita ta warware cikin minti biyu.