Ƙarfen Hajiya a Kan Kindirmona

Ko zan manta da duk ranakun aikina a Guangzhou, ban jin zan manta da wata Laraba da na ratsa rabin garin nan rungume da ƙarfe kilo goma sha biyu yana warin nono. Ku sababbin zuwa kuna jin ana ce mini Mai Kindirmo a sito, kuna dariya ba ku san mafari ba. Gara ku ji daga bakina, don idan manajanmu Alhaji Mudi ne ya ba da labarin, ƙari yake yi.

Lokacin ina shekara ta uku da riƙe siton kamfaninmu. Ofis yana unguwar Xiaobei, nan 'yan kasuwa suke zuwa su yi rajista, sito kuwa yana can bayan gari. Duk kayan da aka kawo sai na auna su, na rubuta sunan mai su da garin da za su a jikin kwali, sannan na ba da takardar karɓa. Idan takardar jikin kwali ta ɓare ko kwalin ya yage aka rasa mai shi, akwai lungu ɗaya kusa da ƙofar baya da muke ajiyewa. Lungun marayu muke ce masa. Dokar lungun ɗaya ce: kada kowa ya taɓa sai mai kaya ya bayyana.

To, ni mutum ne da idan ban sha fura da nono ba, sai na ji kamar ban ci komai ba. Nonon da ake sayarwa a shagunan nan kuwa ruwa-ruwa ne, ga sukari kamar an yi wa yara. Da na gaji sai na fara haɗa nawa a ɗaki. Na roƙi wani mai gidan abinci, Musulmin China, ya ɗiba mini cokali biyu na nasa marar sukari don na yi iri. Sai na dafa madara, na sauke, na bar ta ta huce har na iya tsoma yatsa na ƙirga goma bai ƙone ba. Na zuba irin na gauraya, na rufe tukunyar, na naɗe ta da bargo. Idan na haɗa da safe, kafin na dawo daga aiki ta kama.

Matsala ɗaya, ina son shi da kauri, irin wanda cokali zai tsaya a ciki. Na gano idan na juye shi a farin ƙyalle na ɗaure na ɗora abu mai nauyi, ruwan zai tsane. Na gwada tukunya cike da ruwa, ta kife. Na gwada buhun shinkafa, ya jiƙe.

A wannan lokacin ne wani ƙarfe ya sauka a lungun marayu. Shuɗi ne, dunƙulalle, da mariƙi a sama, kamar buta marar baki. Damina ce ta jiƙa kwalinsa har ya narke, masu lodi suka tsince shi tsirara suka tura shi can. Mako shida yana nan, da shi muke tare ƙofa idan iska ta taso. Ba wanda ya tambaya. Wata yamma na tsaya ina kallonsa, na ce a raina wannan ai don kindirmona aka ƙera shi. Na sa shi a tasi na kai gida, ban gaya wa kowa ba, ban rubuta ko'ina ba. Na ce aro ne.

Ranar farko ya fasa ƙyallen, nono ya fantsama har jikin labule. Daga baya na koyi sa faranti da katako a tsakani. Wallahi ban taɓa samun kindirmo irin na wannan watan ba.

Ranar Larabar muna lodin kwantenar Ghana. Yadda ake yi, ana karanta jerin kaya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya shiga a soke shi, idan an gama a rufe a buga hatimi. Bayan hatimi ko allura ba ta shiga. Direban babbar motar ya riga ya faɗa mana ƙarfe uku zai tashi, in ba haka ba za a rufe masa ƙofar tashar jirgin ruwa, kayan mutane su ƙara mako a ƙasa.

Wajen sha ɗaya da rabi Alhaji Mudi ya iso da wata baƙuwa. Hajiya Rabi sunanta, daga zangon Kumasi, gajeriya mai tabarau, za ta kai shekara hamsin. A da atamfa take sayarwa, hawan jini ya sa ta fara motsa jiki, yanzu har ta buɗe wa mata wurin atisaye. Ta zo ne ta ga kayanta sun shiga da idonta. Aka jawo falet ɗinta, wato katakon da aka jera kayanta a kai, ta sa aka buɗe kwalayen. Ina leƙawa na ga irin ƙarfen nan birjik, ruwan hoda, rawaya, kore, shuɗi.

Ta bi su da yatsa tana ƙirgawa. Ta sake.

"Alhaji, ketilbel ɗina ɗaya babu. Shuɗi, kilo sha biyu. Bibbiyu na saya, don a gasa mutum biyu ke ɗagawa gefe da gefe. Ɗaya me zai yi mini?"

Alhaji ya juyo. "Tasi'u, nawa ka karɓa?"

Na duƙufa a kan takarda kamar ban iya karatu ba. Kafin na buɗe baki ya riga ya kira masana'antar da ta sayar mata da su. Ina jin muryar matar da ke kula da fitar da kayansu tana rantsuwa cewa cif-cif ta aiko, shi kuma yana ɗaga murya: "Meyo! Babu! Kun rage ɗaya!" Ta ce za ta kira direban da ya kawo kayan ta tuhume shi. Na san direban, dattijo ne, kullum sai ya miƙa mini lemo idan ya zo. Idan na yi shiru, a kansa za ta ƙare.

Na ce, "Alhaji, ka kashe wayar. Yana gidana."

"Me yake yi a gidanka?"

"Yana danne nono."

Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Malam, sake faɗa, ko Hausar Kano ce ban gane ba."

Na sake faɗa. Alhaji bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya dubi agogo ya ce, "Kafin uku ya kasance cikin kwantenar nan. In ba haka ba, ka bar mini makullin sito a kan tebur."

Na fita da gudu. Tasi ta sauke ni a tashar jirgin ƙasa, na shiga har Xiaobei, na hau benen gidanmu hawa shida ina haki. Ga ƙarfe nan zaune a kan ƙyalle, ruwan tsami ya jiƙa gindinsa. Na goge da tsumma sau ɗaya, na juye kindirmon a roba, don na ga gara na tafi da shaida. Da na sauko, titin Huanshi ya cushe, motoci ko motsi ba sa yi. Dole jirgin ƙasa.

Kun san ba a shiga tasha sai kaya sun bi ta na'urar bincike. Na ɗora ƙarfen, bel ɗin na'urar ya yi ƙara ya ja shi da ƙyar. Ma'aikaciyar da ke kallon allo ta miƙe tsaye, ta kira babbansu. Ya nuna ƙarfen, ya tambaye ni mene ne. Sinancina na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, babu, na gode. Sai na buɗe robar na nuna masa nono, na nuna ƙarfen, na yi alamar dannawa da hannu biyu. Ya dubi nonon, ya dube ni, ya ja da baya taku ɗaya. Layi ya taru a bayana, ƙarfe biyu saura kwata.

Wani tsoho mai gajeren wando da farin gashi ne ya cece ni. Ya fito daga layi ya ce musu "huling", wato sunan abin a yarensu. Ya kama mariƙin, ya lilo shi tsakanin ƙafafunsa sau uku kamar jakar burodi, ya ajiye. Ya sunsuna tafin hannunsa, ya yamutsa fuska. Babban ya yi dariya ya ce na wuce. Na yi ta jera wa tsohon "shiye-shiye", wato na gode, har jirgi ya zo.

A cikin jirgin ban samu kujera ba, amma na samu fili, don duk wanda ya matso sai ya shaƙi tsamin ya matsa. Daga tashar ƙarshe ban ga tasi ba, na taka da ƙafa. Na riƙe shi da dama, na mayar hagu, na saɓa a kafaɗa ya ƙuje ni, ƙarshe na rungume shi a ciki kamar jariri, robar nono a hammata. Uku saura ashirin na shiga sito a duƙe, na sake shi a ƙasa, na kama bayana.

Direba ya riga ya tayar da mota. Hajiya ta ɗaga masa yatsu goma alamar ya jira minti goma, ta juyo gare ni.

"Haka kake ɗaga kaya kake saukewa? Shekara nawa kana aikin nan?"

"Uku, Hajiya."

"Bayanka ba zai kai biyar ba. Kawo nonon tukuna."

Aka samo cokali. Ta ɗanɗana, ta ƙara.

"Kaurin ya yi. Amma ka bar shi ya daɗe a zafin nan, ya fara tsami. Ka riƙa tsane shi a firij. To, ƙanena, wata guda kayana suna yi maka aiki, yanzu kai za ka yi musu. Lilo ashirin."

Ta gyara mayafinta, ta tsaya a bayan ƙarfen, ta ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ta ce baya a miƙe yake zama, ƙugu ake turawa baya, kamar mai son rufe ƙofar mota alhali hannuwansa cike da kaya. Ta ce hannu igiya ce kawai, ƙugu ne ke cilla ƙarfen, kuma idan ya tashi a fitar da numfashi. Ta yi sau biyar, sannan ta ɗaga shi sama da kai da hannu ɗaya ta tsaya tana mana bayani cewa a gasa minti goma ake yi ba a ajiye ba, alƙali yana ƙirgawa. Ko muryarta ba ta canza ba. Masu lodinmu 'yan China suka ajiye sigari suka yi mata tafi.

Na karɓa. Na farko ya buge ni a cinya. Na biyu ya kusa tafiya da ni cikin kwantena.

"Ba tsugunno na ce ba! Ƙugu baya! Kada ka ɗaga da hannu, ba guga kake ja ba!"

Masu lodi suna ƙirgawa da Sinanci, Alhaji yana ƙirgawa da Hausa, kuma na lura yana maimaita wasu lambobin da gangan. Wajen na goma sha biyu abin ya zauna. Na ji ƙarfen ya tashi da kansa har ƙirjina, bayana kuma bai ce komai ba. Da na cika ashirin Hajiya ta sa aka wanke shi da sabulu, aka sa a sabon kwali, na rubuta sunanta manya-manya a gefe huɗu. Uku saura biyar aka buga hatimi. Robar nonon kuwa da ita ta tafi masauki.

Washegari Alhaji ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya miƙa mini takardar gargaɗi na sa hannu, ya sa na kira matar masana'anta da dattijon direba na ba su haƙuri da bakina. Sannan ya ce, "Tasi'u, da ka bar ni na gama wayar nan, da na saya wa Hajiya wani na manta. Amma duk ranar da na gano, ko bayan shekara biyar ne, da ka tafi." Tun daga ranar, duk abin da ya faɗa lungun marayu sai a ɗauki hotonsa a tura wa duk masu kaya a wurinmu. Cikin mako biyu rabin lungun ya samu iyaye.

Ƙarafa biyun nan da kuke gani gefen ma'auni, Alhaji ne ya sayo su bayan wata ɗaya, da ya ga na daina shafa man zafi a baya. Shi ya sa kowace safiya muke minti goma kafin mu taɓa kwali. Na gida kuwa da kaina na saya, kilo takwas, kuma aiki biyu yake yi.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikin nan yawancin masu kaya ba sa nan. Suna Kano, suna Kumasi, suna Yamai, sun miƙa wa mutumin da ba su taɓa gani ba abin da suka daɗe suna tara wa buri. Idan takarda ta ɓare, mu ne muka rasa sunan, mai kayan yana can yana ƙirga kwanaki. Na kuma gane mutanen sana'ar nan suna iya yafe wauta, har su koya maka wani abu a kai, muddin ka faɗe ta da bakinka kafin ta faɗa kan wani. Don haka duk wanda ya san akwai wani abu na sito a ɗakinsa, ko da abin tare ƙofa ne, ya kawo shi gobe da safe. Lilo ashirin ne kawai, kuma ni zan ƙirga, ba Alhaji ba.