Barnaba da Muryar Uwar Maƙera

Barnaba mutumin Bukuru ne, ɗan maƙeri jikan maƙeri, kuma maƙwabcina a hawa na goma sha ɗaya na wani bene a unguwar Danau Kota, a nan ƙasar waje da muke zaune. Karatun ƙarafa ne ya kawo shi jami'ar da ke Jalan Semarak, amma in ka tambaye ni, ba digirin ke ciyar da shi ba, kunnensa ne. Wani mai shagon kayan tarihi a Titiwangsa ya ɗauke shi aiki saboda abu ɗaya tak: zai ƙwanƙwasa tsohon ƙarfe sau guda ya gaya maka ko lafiyayye ne ko akwai tsaga a cikinsa. Ya san ya iya, har abin ya yi yawa. Ko cokali ne ya faɗi a shagon mamak, wato gidan abincin unguwa inda muke shan shayi, sai ya taɓe baki ya ce jabu ne. Kullum kurinsa shi ne gado ya yi, wai mahaifinsa, Baba Gyang, har ya mutu kunnensa bai taɓa yin kuskure ba.

Korona ta kama shi a watan Yuli na 2021. Kwana goma sha biyu yana kulle a ɗaki, muna ajiye abinci a bakin ƙofa. Ya tashi, muka yi wa Allah godiya. Sai dai daga nan ƙarar talabijin ɗinsu ta fara shigowa falona ta cikin bango. Wata rana matarsa Lai'atu ta tare ni a bakin lifta, idonta ya yi ja a saman takunkumi.

"Isaac, tsoro nake ji," ta ce. "Glory ta kira shi Daddy sau huɗu bai juyo ba. Na ce mu je clinic, ya ce wai takunkumi ne ya hana mutane magana da kyau."

Ni ma na ji tsoro, don na san abin da ke rataye a kunnen nan: aikinsa, da takardar zamansu a ƙasar, da shi kansa mutumin.

A watan Oktoba mai shagon ya aiko da saƙo. Wata tsohuwa a Gombak, Mak Cik Zabedah, wato Inna Zabedah a yarensu, cutar ta ɗauke mijinta maƙeri, tana son sayar da uwar maƙerarsa, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai a buga. Mai shagon ya tsufa, yana tsoron fita. Ya ce in Barnaba ya ce tana da rai a saya, in ya ce matacciya ce a bar ta.

Barnaba yana da babur, amma ya roƙe ni in kai shi a mota. Duk hanya bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ya rungume ƙaramar masabar mahaifinsa a cinya, gudumar da ya taho da ita tun daga gida, zufa na tsatsafo masa alhali sanyin mota na aiki.

Maƙerar rumfar kwano ce a bayan gida, tattabaru sun mamaye rufinta. Tsohuwar ta tsaya can nesa ta ce, "Boleh, boleh," wato babu laifi mu shiga, tana nuna mana ciki da hannu. Da Barnaba ya ga ƙarfen a kan kututture sai ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya durƙusa, ya goge gefenta da burushin waya, ya shafa alli, lambobi uku suka fito.

"Nauyinta ke nan, da tsohon lissafin Ingila," ya ce. "Irinta ce a rumfarmu. Masu haƙar kuza ne suka kai tamu Bukuru, wannan ma ina jin su suka kawo ta nan."

Ya nuna mini ramukan da ke ƙugunta, inda ake zura sanduna a juya ta lokacin ƙira. Ya bi jikinta da yatsa bai samu layin zubi ba, ya ce ƙera ta aka yi, ba narka ƙarfe aka yi aka zuba ba. Ya leƙa ƙaramin zagayayyen rami da ke kusa da mai kusurwa huɗu a wutsiyarta, ya ce ta haura shekara ɗari amma ba ta kai ɗari biyu ba. Ya kankare fenti yana neman walda, babu. Ya saki ƙwallon boris a fuskarta, ƙwallon ya yi tsalle ya kusa komowa hannunsa.

Duk wannan aikin ido ne, kuma mu biyun mun sani. Fuskar uwar maƙera tana iya rabuwa da jikinta ta ciki ba a gani, sai dai a ji. Ya sake goge lambobin da ya riga ya karanta. Ya sake auna tsawonta. Ni kuwa na fara addu'a a zuci.

"Baban Glory, buga mana," na ce, don jiran ya fi ƙarfina.

Ya ɗaga masabar ya buga.

Wallahi ban taɓa jin ƙara mai kaifi irin wannan ba. Ta shiga haƙorana. Tattabaru suka tashi fir gaba ɗaya, na toshe kunnuwana da hannu biyu. Shi kuwa yana duƙe, ya ba mu baya, yana girgiza kai.

"Matacciya ce," ya ce. "Ka ji? Dub kawai. It's finished."

Sannan ya juyo. Ya gan ni da hannuwa a kunne. Ya ga Mak Cik Zabedah ta dafe ƙirji tana kuka, don rabon da ta ji wannan sautin tun mijinta na da rai. Ya ɗaga kai ya ga tattabaru na shawagi. Masabar ta sulale ƙasa, ya zauna daɓas a gefen kututturen, ya ce, "Isaac, na shiga uku."

Da ya zo tashi sai ya dafa ƙahon ƙarfen da hannun hagu, ya tsaya cak. Ya ce in ɗauki masabar in buga. Na buga. Ya rufe ido, tafin hannunsa na kan ƙahon. Ya sa na buga tsakiya, na buga gefe, na buga wutsiya, yana ta cewa in ƙara.

"Tana da rai," ya ce a hankali. "Tana rawa har gwiwar hannuna. Ka gaya wa Mak Cik kada ta yarda kowa ya ce mata ƙarfen bola ne."

A mota ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Haka Baba yake yi," ya ce. "Tun ina yaro, duk sanda zai gwada ƙarfe sai ya ɗora hannun hagu a kai. Na zaci salo ne. Kuma sai ka tsaya a gabansa yake amsa maka, mu muna cewa isa ce."

Na ce masa to sai haƙuri. Bai juyo ba. Na taɓa kafaɗarsa, na sauke takunkumina don ya ga bakina, na maimaita.

"Kira mini Lai'atu," ya ce. "Ka ce mata zan je clinic ɗin. Kai ka yi maganar, ni ba zan ji ta a waya ba."